Filin Masu Mota: Kafin Ka Ƙara wa Inji Ƙarfi, Dubi Abin da Ke Taɓa Ƙasa

Daga cikin wasiƙun da suka taru a teburinmu a 'yan makonnin nan akwai tambaya guda wadda ta yi ta maimaituwa, galibi kuwa daga samari ne waɗanda suka mallaki motarsu ta fari, watau mutum ne ya sami 'yan kuɗi a hannu, yana so motarsa ta ƙara kuzari da gudu, to me zai fara saye? Wani ya ce an ba shi shawara ya ɗaura salansa mai faɗin baki. Wani ya ce bakanikensa ya matsa masa a cire wa motar abin nan da suke kira indomi. Wani so yake ya sa manyan wili masu walƙiya, wani kuma labari ya ji cewa akwai mai kwamfuta a Legas wanda zai kwance wa injinsa dawakin da kamfani ya ɗaure. Tun da yake tambayar ɗaya ce, bari mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya, ko da yake na san amsar ba za ta yi wa wasu daɗi ba.

Don kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki mota guda wadda babu garin da ba a ganinta a ƙasar nan, watau Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, irin wadda ake kawowa daga Amurka. Injinta mai lita 1.8 ne, mai lamba 1ZZ-FE, ranar da ya fito daga masana'anta yana ba da ƙarfin doki wajen 130, nauyin motar kuwa kimanin kilo 1,150 ne. Abin da za mu faɗa a kanta ya shafi Camry da Accord da Golf da sauran 'yan'uwansu, sai dai lambobin su bambanta.

Abu na fari da ya kamata mai wannan mota ya tambayi kansa shi ne, shin dawakin nan 130 suna nan kuwa? Wadda ta fi ƙuruciya a cikin waɗannan motoci ta haura shekara 15, ta sha ƙanƙara a can, ta zo nan ta sha ƙura da gurɓataccen mai. Fulogi ya cinye, iyakilina ta toshe, nozul ba ya fesa mai yadda ya kamata, famfon mai ya gaji, ga fitilar nan mai hoton inji ta shekara tana ci a gaban direba har ya daina ganinta, wani ma ya liƙe ta da takarda. Mota irin wannan ba ƙari take bukata ba tukuna, abin da ya ɓace mata take nema a mayar mata. Mutumin da zai ɗora sabon kaya a kan irin wannan inji, tamkar wanda ya saya wa doki mai ciwon ƙafa sabon sirdi ne.

A nan tilas in tsaya kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu. Da zarar mota ta sauka daga tashar jiragen ruwa, sai ka ji bakanike ya ce a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. Alhali kuwa aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har inji ya yi ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Na wannan Corolla yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82. In babu shi, inji yakan daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da asuba a lokacin hunturu, kwamfutar motar kuwa sai ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara fetur. Sakamakon haka sai shan mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, rarar fetur ta wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya ci kafin lokacinsa. In mota tana zafi, a nemi dalilin a lagireton da ya toshe, ko murfinsa da ya saki, ko famfon ruwa, ko kuwa ruwan rijiya da ake ɗura mata maimakon ruwan sanyaya inji. Haka nan batun baƙin mai. An rubuta 5W-30 a kan murfin wannan inji, amma sau da yawa 20W-50 ake zuba masa, wai ya fi kauri. Ƙananan hanyoyin mai na na'urar VVT-i ba don mai kauri aka yi su ba. Duk waɗannan gyare-gyare kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma da yawa daga cikin masu neman ƙarin gudu, in suka yi su, sai su tarar motar da suke mafarki ai ita ce a ƙofar gidansu.

To, in an gama wannan, sai me? Amsata ita ce taya, ba ni kuwa da wata tantama a kai. Duk ƙarfin da inji ya haifar, da duk abin da birki zai yi, da duk juyin sitiyari, ta wurare huɗu kaɗai suke isa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. In tayar ba ta kama kwalta, ƙarin doki ashirin ba zai haifar da kome ba sai ƙara da hayaƙin roba. Taya mai kyau ita kaɗai ce abin da za ka saya sau ɗaya ya gyara maka tashi da tsayawa da shan kwana duka a lokaci guda.

Sai dai sayen taya a ƙasar nan yana bukatar ido. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi sahu a Ikeja a 2008, kasuwarmu ta dogara ne ga abin da aka shigo da shi, mai kyau da marar kyau. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, amma duk wanda ya taɓa zagaya kasuwar kayan mota ya san yadda wannan hani yake. Saboda haka mai saye ya koyi karatun jikin taya. A gefenta akwai rubutu mai farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta: in ka ga 2319, an ƙera ta ke nan a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi cewa taya in ta wuce shekara 4 da ƙerawa ta tashi daga aiki. Kamfanin Michelin kuwa cewa ya yi a riƙa duba ta kowace shekara in ta kai 5, a kuma jefar da ita in ta kai 10 ko da zanenta bai cinye ba. A ganina, in aka dubi zafin kwaltarmu a watan Afrilu da yadda ake jibge tayoyi a rana a bakin shaguna, gara mutum ya karkata wajen lissafin Hukumar.

Sa'an nan akwai rubutu irin wannan: 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin tayar ne da milimita, 65 tsayin gefenta ne bisa ɗari na wannan faɗi, 15 girman wili ne da inci, 91 na nufin tana ɗaukar kilo 615, harafin H kuwa na nufin an gwada ta har gudun kilomita 210 a sa'a. T na 190 ne, V na 240. Akwai kuma darajar jure zafi, A ko B ko C, mai A ce ta fi dacewa da mu. Wadda za a guje wa ita ce mai hoton dutse da ƙanƙara a ciki, domin tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi an yi ta ne don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Irinta kan yi kyau a ido a shago, zanenta zuru-zuru, amma a hanyar Maiduguri da tsakar rana sai ta riƙa narkewa kamar man shanu. Zurfin zane kuwa, dokar ƙasashen Turai ba ta yarda ya gaza milimita 1.6 ba, da damina ma wannan ya yi kaɗan, don zanen ne ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya. In kuɗinka na biyu ne kawai, masu ƙera taya sun ce a sa sababbin a baya, ko da motar da gaba take ja, saboda in baya ya zame a kwana mota juyawa take yi, ba kowane direba ne kuwa zai iya kamo ta ba.

Kada kuma a manta da iska, wadda kyauta ce ko kusa da haka. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da kamfani ya liƙa; na wannan Corolla awo 30 ta ce. Mai faci kuwa in ka bar shi da son ransa, sai ya ɗura 45 ko 50, wai don ta yi ƙwari. Tayar da aka cika fiye da kima tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, wadda iskarta ta gaza kuma zafi take yi har ta fashe. Sayi ma'aunin iska naka, ka riƙa aunawa da safe kafin mota ta yi tafiya.

Ga masu sha'awar manyan wili, ga lissafi. Gefen taya 195/65 tsayinsa kusan milimita 127 ne. In ka koma wili mai inci 17 da taya 215/45, ya dawo milimita 97. Wannan tazara ta milimita 30 ita ce matashin da ke tsakanin wilinka da bakin rami. A kan lafiyayyen titi lalle sitiyari zai fi jin magana, amma titin da mafi yawanmu ke bi ba shi ke nan ba, ga shi kuma manyan wili masu araha sun fi na kamfani nauyi, sai ka ga mota ta ƙara kyau ta rage tashi. Masu datse sifirin don mota ta kwanta ƙasa kuwa, tudun rage gudu na farko da suka tarar a unguwa zai ba su amsa, ba sai na ce kome ba.

Bayan taya sai birki, a nan ma ina roƙon mai karatu ya bi ni cikin ɗan lissafi, don shi ne ƙashin bayan wannan magana. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, watau kafin ƙafarka ta tashi daga totur ta sauka a birki ka riga ka shafe wannan tazara ko fiye. Daga nan, a busasshen titi da taya mai kyau, tana bukatar wajen mita 40 kafin ta tsaya cik. Nisan tsayawa kuwa ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkin gudu sau kansa yake bi: in gudu ya ninka biyu, nisan ya ninka huɗu. A gudun 140 sai ya zama kusan mita 80. Yanzu a ce motoci biyu suna jere, ɗaya tana 100, ɗaya tana 140, tirela ta gitta musu, suka taka birki a wuri guda. A daidai inda ta fari ta tsaya, hancinta na shafar tirela, ta biyun tana nan tana gudun kilomita 98 a sa'a. Wanda duk ke neman a ƙara wa motarsa gudu, ya karanta wannan lamba sau biyu.

Ba wai sai an sayo manyan faifan birki irin na motocin tsere ba. In birkin kamfani yana da lafiya, yana da ƙarfin da zai tsayar da juyawar taya, abin da ya rage aikin taya ne da ƙasa. Abin da ke kashe birki shi ne zafi da jabun kaya. Takalmin birki na jabu da sanyi yana kamawa, in ya yi zafi sai ya zama kamar sabulu. Man birki kuma yana shan danshi daga iska a hankali: DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa sai ma'aunin ya sauko wajen 140, DOT 4 kuwa daga 230 zuwa 155. Ranar da ya tafasa a cikin bututu, ƙafarka za ta nutse har ƙasa mota ba ta ji ba. Duk wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo daga Jos da cikakkiyar mota ya san irin wurin da wannan ke faruwa, shi ya sa tsofaffin direbobi ke saukowa da ƙaramar giya, su bar inji ya riƙe motar. A zubar da tsohon man birki duk shekara 2, a duba robobin bututu ko sun tsage, a gyara gangunan baya waɗanda ba a cika tunawa da su ba, in kuma motar tana da ABS kada a yarda wani ya cire shi don fitilarsa ta kama. Batun masu zuba ruwan omo a madadin man birki kuwa, wannan ba tsimi ba ne, ganganci ne da ran fasinja.

Sa'an nan sai ƙafafun mota, watau shakazoba da sifirin da bushin da bol joyin da tayarod. Aikin shakazoba ya wuce jin daɗin zama. Shi ne ke danne taya ta zauna a ƙasa. In ya mutu, taya sai ta riƙa tsalle a kan gargada, tayar da ke sama kuwa ba ta birki, ba ta kwana. A sauya su bibbiyu, na gaba tare, na baya tare, a kuma kai mota a daidaita mata ƙafa bayan an gama, in ba haka ba sababbin tayoyin nan gefe guda za su cinye cikin 'yan watanni.

Dattawan da suka yi zamani da Fijo 504 za su fi kowa gane wannan. A 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, an yi tseren Safari a Kenya, wanda ake bin dubban kilomitoci cikin laka da ƙura da duwatsu. Kamfanin Lancia na Italiya ya zo da Stratos, motar da aka ƙera musamman don tsere, mai injin Ferrari, wadda a kan kwalta 504 ba ta ko ganin ƙurarta. Amma da aka kai ƙarshe, Ove Andersson, mutumin Sweden, shi ya zo na ɗaya a cikin 504, motocin Stratos biyu suka biyo bayansa. Abin da ya ba shi nasara shi ne ƙafafu masu tsawon tafiya da jiki mai jure duka, waɗanda suka bar shi ya riƙe gudunsa a inda wasu tilas su sassauta ko su tsaya gyara. Wannan dalili ne kuma ya sa 504 ta mallaki tashoshin motarmu shekara da shekaru. Hanyoyinmu sun fi kama da na Safari fiye da filin tseren Turai, saboda haka wanda zai yi koyi ya san da wa zai yi.

Akwai wani ƙarin ƙarfi wanda ba a biyan ko kwabo a kansa. Buɗe but ɗin motarka ka ga abin da ke ciki: jarkoki, tsohon batir, akwatin lasifika mai nauyin buhun masara, kayan da aka manta da su tun bikin bara. Kilo 50 a motar da ba ta wuce 1,150 ba ya haura kashi 4 cikin ɗari na nauyinta, sauke shi kuwa wajen tashi daidai yake da ƙarin doki biyar. Safaya taya da jak dai a bar su inda suke.

Yanzu sai mu zo kan injin kansa, inda masu wasiƙunmu suka so mu fara. Inji ba wani abu ba ne illa famfon iska: gwargwadon iskar da ya shaƙa, gwargwadon man da zai iya ƙonawa, gwargwadon ƙarfinsa. Shi ya sa motar da ba ta da turbo takan rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinta a kowane hawan mita 300, har mai Corolla da ya taso daga Legas ya isa Jos, mai tsayin mita 1,200, yakan ji motarsa ta yi sanyin jiki, ba kuwa abin da ya lalace. Masu sayar da iyakilina mai siffar mazurari suna cewa tana barin iska ta shiga da yawa. Amma in an ɗaura ta tsirara a cikin bonet, iskar da ke kusa da inji mai zafi take zuƙa, iska kuwa duk ƙarin zafin digiri 10 yana rage mata kauri da wajen kashi 3 cikin ɗari. Ribar da aka ci a nan an mayar a can. Bugu da ƙari, abin da ya bar iska ta wuce cikin sauƙi yakan bar ƙura ma ta wuce, ƙurar hunturu kuwa a cikin silinda aikin takardar goge katako take yi. Akwatin kamfani da iyakilina ta takarda, ana sauya ta a kan kari, ya fi mana alheri.

Salansa mai faɗin baki ƙara take ƙarawa, kunne kuwa yakan ruɗi mai shi ya ɗauka gudu ne. A ƙaramin inji irin wannan, bututun da ya yi faɗi da yawa yana iya rage ma motar ƙarfin jan da take da shi a ƙananan juyi, inda ake bukatarsa a cikin gari. Indomi kuma, watau tukunyar nan mai kama da saƙar zuma wadda ke tace hayaƙi, in ba ta toshe ba abin da take ci na ƙarfin inji kaɗan ne ƙwarai. In an fasa ta, na'urar auna hayaƙi da ke bayanta za ta kunna fitilar inji, ranar da wata cuta ta gaskiya ta zo ba za ka sani ba, gubar da take ƙonewa kuma sai ta fita ɗanya zuwa hancin 'yan acaɓa da masu talla a bakin titi, da naka iyalin in go-sulo ya kama. Ya kamata mai mota ya san cewa a cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su falatinam da faladiyam da rodiyam, akwai kuma masu sayenta da daraja. In an ce maka a cire, tambayi inda za a kai ta.

Batun sake tsarin kwamfutar mota gaskiya ne, amma ba ga kowace mota ba. Injin da ke da turbo, in gwani ya taɓa shi, yana iya ƙara kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa ko fiye, don kuwa ana umartar turbo ne ya ƙara tura iska. Injin da ba shi da turbo babu inda za a samo masa ƙarin iska, abin da za a samu 'yan dawaki ne waɗanda direba ba zai ko ji su ba. Ko ga mai turbo ɗin, ratar da kamfani ya bari ba don mugunta ya bar ta ba; ya bar ta ne saboda rana irin ta Sakkwato da fetur irin na bakin hanya. Wanda ya cinye wannan rata, ranar da ya sha mai marar kyau inji zai yi ƙwanƙwasa, fistin ya huje, gaskit ya ƙone. Ƙananan na'urorin da ake tallarsu kuwa, maganaɗisun da ake ɗaura wa bututun mai da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki da makamantansu, hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada fiye da 100 daga cikin irinsu, ba ta sami wanda ya yi wani abin kirki ba.

Wanda ke son ya ga yadda ake ƙara wa mota ƙarfi bisa ƙa'ida, ya dubi abin da Toyota da kansa ya yi. A 2005 ya fito da Corolla XRS, jiki iri ɗaya da wadda muke magana a kai, amma da injin 2ZZ-GE wanda aka yi da hannun Yamaha, mai doki 170. Don ƙarin dawakin nan 40, sai da ya sa mata faifan birki a ƙafa huɗu maimakon ganga a baya, ya sauya wili zuwa inci 16, ya ƙarfafa sifirin da shakazoba, ya ba ta giyar hannu mai hawa shida, ya kuma ce fetur mai daraja ta sama za ta riƙa sha. Injiniyoyin da suka ƙera motar ba su yarda su taɓa inji su bar sauran ba. Saboda haka mai niyyar ɗaura wa tsohuwar Corolla turbo a gareji ya san cewa nozul da famfon mai da lagireto da giya duk za su nemi nasu haƙƙin, in ya tara kuɗin kuwa sai ya ga gara ya sayar da ita ya cika ya sayi motar da aka haifa da ƙarfinta.

Ban da haka, ina za a yi gudun? Iyakar da doka ta ba ƙaramar mota ita ce kilomita 100 a sa'a a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari, tun 2017 kuma aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Daga Kaduna zuwa Kano kimanin kilomita 230 ne. A gudun 100 sa'a 2 da minti 18 ne, a gudun 120 sa'a 1 da minti 55. Minti 23 ke nan, in babu shinge, babu tirela, babu aikin hanya. Ladan waɗannan mintoci kuwa a gidan mai ake biya, domin turjiyar iska a 120 ta fi ta 100 da kashi 44 cikin ɗari. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ba na jin akwai mai motar da bai san zafin wannan ba. Ƙarfin da ke da amfani a hanyarmu shi ne na wuce babbar mota cikin hanzari a koma hannu, wannan kuwa inji mai lafiya da sauko da giya a kan lokaci sun wadatar.

Wasu sun haɗa da tambaya kan mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG. Wannan gyaran aljihu ne, ba na gudu ba. Mota takan ɗan rage ƙarfi, ga tukunyar mai nauyi a but wadda za ta danne sifirin na baya. In za a yi, a je wurin da aka amince da shi, domin iskar ana matse ta ne har ma'aunin ba 200, tukunyar da aka yi wa walda a bakin hanya ba za ta ɗauka ba, kamar yadda fashewar da aka yi a wani gidan gas a Binin cikin Oktoban 2024 ta nuna.

Duk wanda ya sauya inji ɗungurungum kuma, ya tuna lambar injin tana cikin takardun motarsa, sai ya je ofishin lasin a gyara, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa duk wani babban canji da ya yi, kada ranar tsautsayi su sami hujjar zamewa. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake gane kayan gyara na jabu, za mu kuwa fara da takalmin birki da fulogi. Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu, a riƙa faɗin irin motar da shekarar ƙirarta.